Ta-Nomau Mai Jan Hagu

To jama'a, tunda an ci an sha kuma rana ba ta ba mu damar komawa gona ba tukuna, ku gyara zama in ba ku wata magana da ta raba kan mutanen wani gari, har yau ba su daidaita ba. Kada wanda ya katse ni. In na kai ƙarshe, bakin ya zama naku.

A can ƙasar duwatsu akwai wani gari da ake kira Tsaunin Bagu. A kan tudu yake, hanyarsa guda ce tak, ita ma sai ta yi ta naɗe dutse tana gangarowa kafin ta kai kasuwar da ke ƙasa, ga kwari mai zurfi a hannun dama na mai sauka. A garin nan akwai wani dattijo, Baba Nomau, tsohon direba, mai wata a-kori-kura shuɗiya da ya saya tun gashin kansa yana baƙi ƙirin. Irin ƙirar da ce, ƙarfe zalla, in ka rufe ƙofarta sai maƙwabta sun ji. Mutanen gari ba sa ce mata mota, Ta-Nomau suke ce mata, kamar wata 'yar gidan. Ita ke kai masu naƙuda asibiti, ita ke saukar da dankalin gari kasuwa, ita ke hawa da taki da kwanon rufi. Shi Baba Nomau mutum ne mai sauƙin kai, ka roƙi rigar wuyansa ya tuɓe ya ba ka, amma makullin motar nan ko ɗan cikinsa bai taɓa riƙewa ba.

'Ya'yansa uku ne, duk sun iya tuƙi, amma a motocin mutane suka koya. Babban shi ne Jatau, manomi da damina, maharbi da rani. Mai bi masa Ɗan'asabe, bakanike ne a Kaduna. Autarsu Ladidi, tana aure a nan cikin gari tana fataucin dankali da kabeji, kuma tun tana ƙarama duk ranar kasuwa ita ce a gaban mota kusa da ubanta.

Wata safiyar kasuwa, an riga an loda kayan mutane, Baba Nomau ya zura ƙafarsa ta dama cikin takalmi, kunama ta ce masa salamu alaikum. Ƙafa ta ɗauki zogi har cinya. Ga kayan jama'a, ga rana tana yi. Dole ta sa ya miƙa wa Jatau makulli, tare da gargaɗin da ya fi na mai aurar da 'ya yawa. Jatau ya sauko dutsen nan a hankali da ƙaramar giya, lafiya lau. Sai a bakin kasuwa akuya ta gilma, ya taka birki da ƙarfi. Mota ta yi tsalle hagu kamar an fizge ta da igiya, ta tsallaka hanya, ta bi ta kan kwandunan tumatir, ta ture rumfa, ta tsaya hancinta na taɓa faifan wata tsohuwa mai daddawa. Ba a rasa rai ba, amma ranar ba a yi wata hira a kasuwa ba sai wannan.

Magana ta kai gaban dagaci. Da ƙafar Baba Nomau ta warke aka fita fili don a gani da ido. Aka kira wani direban tasha ya ja ta ya taka birki, ta zabura hagu. Baba Nomau ya shiga ya ja ya taka, ta tsaya sak, ko kara ba ta kauce ba. Aka sake ba direban tasha, ta sake zabura. Nan fa surutu ya tashi, wasu suka ce motar tana da aljani, mai ita kaɗai take ji. Baba Nomau har ya fara murmushi, don a zuciyarsa wannan yabo ne. Dagaci kuwa bai yi dariya ba.

"Nomau, ba kai kaɗai ke bin hanyar nan ba, kuma ba kullum ƙafarka za ta kwana lafiya ba," in ji shi. "Kafin watan nan ya mutu a gyara ta, ta tsaya daidai a hannun kowa. In ba haka ba, a kira 'yan gwangwan masu sayen tsohon ƙarfe su sassare ta."

"Ranka ya daɗe, a hannuna ba ta taɓa yi ba."

"Na gani. Na kuma ga faifan daddawa."

Labari ba ya kwana. Washegari sai ga 'yan gwangwan a ƙofar gida, suna zagaya motar suna ƙwanƙwasa ta suna leƙa ƙarƙashinta, irin kallon da mahauci ke yi wa saniya. Baba Nomau ya kore su, amma ya koma zaure ya zauna. Tsoro ya kama shi sosai, irin wanda bai ji ba tun rasuwar uwar 'ya'yansa. Ya ɗauko sifana ya shiga ƙarƙashin motar da kansa. Tunaninsa shi ne na kowa a garin: tunda hagu take ja, ƙafar hagu ce ta cika kamu. Ya sassauta birkin hagu, aka gwada, tana ja. Ya ƙara sassautawa, sai ta zama ba ta ja sosai amma kuma ba ta tsayawa, sai da ta je ta sumbaci dangar maƙwabci. Ya mayar da komai yadda yake, ya aika a kira Ɗan'asabe daga Kaduna, ya ce ya zo da kayan aiki ya buɗe masa ƙafar hagu.

To, ga abin da na farko ya yi.

Jatau tun ranar tumatir bai iya haɗa ido da ubansa ba. Shi ba ya gane kan inji, in ka buɗe masa bonet daidai yake da ka buɗe masa littafin Sinanci. Abin da ya sani shi ne sawu. A dawa, in ya ga sawun gada, zai gaya maka ƙafar da take ɗingishi da ita. Sai ya je masussukar bayan gari inda ƙasa take a daɓe, ya share ta tas, ya bi gida-gida yana roƙon tokar murhu, mata suna yi masa dariya suna tambaya ko sabulu zai fara dafawa. Ya barbaɗa tokar a fili mai tsawo, sannan ya je ya durƙusa gaban ubansa ya roƙe shi ya zo ya taka birki a kai, iya ƙarfinsa.

Baba Nomau ya zo yana gunaguni, ya ja, ya taka. Jatau ya tsuguna yana bin sawun da ido. Tayoyi uku sun kankare tokar sun bar jan layi a ƙasa. Ta gaba ta hannun dama kuwa ta mirgina abinta, zanen tayar ya fito raɗau a kan toka, ba ta ja ƙasa ko kaɗan ba. Ya sa aka yi ta zagaye ana taka birki, sannan ya zura hannu ta bayan kowace taya ya taɓa kwanon ƙarfen nan da birki ke kamawa daga ciki, wanda bakanikai ke kira dirom. Uku sun yi zafin da ba a iya riƙewa. Na gaba na dama sanyi ƙalau, kamar gindin randa.

"Baba, hagu lafiyarta ƙalau," in ji shi. "Aikinta take yi. Ta dama ce ba ta kamawa sam, shi ya sa mai lafiyar ke jan motar wajenta."

Baba Nomau, wanda ba ya faɗin sunan ɗan fari, ya ce, "Kai Babba, ƙafar dama ce fa ta fi kowace ƙarko. Ban taɓa canza mata komai ba."

Yana rufe baki ya ji abin da ya faɗa, ya juya ya kalli tayar dama.

Ga kuma abin da na biyu ya yi.

Ɗan'asabe ya iso da akwatin ƙarafansa, niyyarsa ya kwance hagu kamar yadda aka aika masa, kuma da bakinsa ya ce da a can zai ƙare watan yana lalube. Da aka nuna masa sawun toka sai ya kafa jak a dama. Ya cire taya, ya buge dirom ya fito. A ciki akwai ƙarafa biyu masu lanƙwasa da ke buɗewa su kama dirom, shu ake ce musu. Ya same su ba su ci ko kaɗan ba, sai dai sun tsufa sun ƙandare. 'Yar tukunyar da man birki ke shiga ya tura su kuwa ta yi tsatsa ta liƙe. Ya sa Jatau ya taka birki, ya buɗe bakin fitar mai, ko ɗigo bai zo ba. Sai ya kwanta rigingine ya bi siririn bututun man da yatsa har inda ya haɗu da ɗan'uwansa, ya kwance mahaɗar da ƙyar, ya zaro wani abu baƙi ya ɗora a tafin hannu. Ƙusa ce, 'yar guntuwa, an sare ta an toshe bakin bututun da kanta.

Baba Nomau ya karɓa ya jujjuya, sai ya dafe kai ya zauna a kan taya. Direbobin zamanin da suna da wata dabara da suke kira kashe ƙafa. In tukunyar birki ta fashe maka a daji mai yana zuba, sai ka toshe bututun wannan ƙafar da ƙusa, ka lallaɓa da ƙafa uku har gari, can ka gyara. Ranar da ya kashe wannan ƙafar, ruwa ake yi kamar da bakin ƙwarya, kuma matarsa ce kwance a bayan mota tana naƙudar Ladidi. Ya kai ta asibiti, aka sauka lafiya, aka shiga hidimar suna, aka shiga jigilar damina. Ya ce gobe, ya ce jibi, har abin ya fice masa daga kai gaba ɗaya. Ƙusar nan sa'ar Ladidi ce, ga Ladidi da 'ya'yanta har sun shiga makaranta.

Gano ƙusa bai gama aiki ba, don tsohuwar tukunyar ba ta gyaruwa, kuma irinta ta daɗe da ɓacewa daga shaguna. Ɗan'asabe ya rufe garejinsa, masu kawo masa aiki suka koma wajen wasu. Ya bi kasuwar Panteka ta Kaduna rumfa-rumfa ana ce masa ai irin wannan sai a tarihi. Ya wuce Kano ya yi ta yawo a Ƙofar Ruwa har takalminsa ya tsinke, kafin ya dace da wani tsoho da ya tono masa guda biyu sababbi daga ƙasan akwati, naɗe cikin takarda mai maiƙo. Ya ƙi sa sabo a gefe guda ya bar tsoho a ɗayan, ya ce in aka yi haka jan ne zai koma dama. Ya canza tukwane biyu, ya canza shu na ƙafafun gaba duka, ya kai dirom biyu aka goge cikinsu a inji suka zama daidai. Sannan ya ɗaga kowace ƙafa yana juya taya da hannu, kunnensa a jikin ƙarfe, yana ɗaurewa har ya ji shu ya fara shafar dirom, ya ɗan sassauta, ya koma ta gaba. Ya fitar da iskar da ta shiga bututu, ya daidaita iskar tayoyi. Wata na gab da mutuwa aka koma masussuka. Ɗan'asabe ya taka, layi huɗu suka fito a kan toka. Aka kira direban tasha ya taka, ta tsaya sak. Aka ce Baba Nomau ya shiga ya gwada, ya ce shi da ya tsufa a cikinta ba sai an gabatar masa da ita ba.

Saura na uku.

Dagaci ya ce fili daban, dutse daban. Ranar kasuwa a loda mata kaya, mai ita ya tuƙa, shi da kansa zai zauna a gaba ya gani. Da safe Baba Nomau ya sa farar riga, ya wanke motar har tana ƙyalli, gari ya fito kallo. Ladidi ta matso kusa da shi ta rage murya.

"Baba, da ka bar Yaya Ɗan'asabe ya ja ta yau."

"Yau? A gaban dagaci da mutanen gari?"

"Baba, akwai abin da na lura da shi a..."

"Ke, in dankalinki kike jin wa tsoro, sauke shi."

Ta ja da baya, don ba a gaban taro 'ya ke gyara wa ubanta magana ba. Amma da dagaci ya zo shiga, sai ta riga shi ta kutsa ta zauna a tsakiya, wurin da giya ke bugun gwiwa, ta ce jiri take ji in ta hau baya. Baba Nomau ya harare ta, ya ga rashin kunya ce kawai, ya ƙudura zai yi mata faɗa in an dawo. Jatau da Ɗan'asabe suka hau baya kan buhuna.

Tsohon direba ba ya saukar dutse da birki, da giya yake sauka, don haka har aka yi nisa ƙafarsa ba ta nemi birkin ba. Zuciyarsa fari tas, yana ba dagaci labarin shekarar da aka fasa hanyar. Suna shan kwanar da ta fi kowace tsanani, sai ga jaki ya durƙushe da kaya a tsakiyar hanya, mai shi da matarsa suna kokawar ɗaga shi. Baba Nomau ya taka birki har ƙasa. A daidai wannan lokacin ya ji hannuwansa biyu sun murɗa sitiyari dama da ƙarfi, ba tare da ya sa su ba. A dama kuwa babu komai sai kwari.

Sitiyarin bai tafi ba. Ya ɗan motsa ya ƙage, don hannun Ladidi yana ƙasansa tun daga ƙofar gari, a ɓoye cikin mayafi. Ta riƙe da hannu biyu, ta tokare ƙafa, ta jefa nauyinta duka a kai tana kokawa da ƙarfin ubanta. Tayoyi huɗu suka yi ƙara tare. Ta-Nomau ta tsaya, tayar dama tana kan tsakuwar bakin kwari, hancinta yana kallon jakin da ko tashi bai yi ba. Rawanin dagaci ya faɗo kan cinyarsa.

Tsakuwa ta yi ta gangarawa ƙasa tana ƙara. Can dagaci ya fara salati, na baya suka diro suna hamdala, mai jaki ya zube a hanya yana godiya ga Allah. Baba Nomau ya bi hannuwansa da kallo kamar na wani ne aka ara masa.

"Tun ina yarinya nake gani, Baba," in ji Ladidi, tana murza wuyan hannunta da ya fara kumbura. "Duk sanda ka taka birki sai kafaɗarka ta karkata dama. Na ɗauka haka ake tuƙi, sai ranar da na ga Yaya Jatau bai yi ba muka shiga tumatir. Kai ne kake riƙe ta duk shekarun nan. Yanzu ta warke, ba ta bukatar riƙon."

Dagaci ya naɗa rawaninsa, ya ce ya gani da idonsa, motar ba ta da laifi, kada ɗan gwangwan ya ƙara taka ƙofar gidan Nomau. Wani sanyi ya sauka a ƙirjin tsohon, har ƙwalla ta zubo masa bai damu da gogewa ba. Ya fita ya zagaya ta, ya shafa bonet, ya yi dariya, ya sake yin hamdala. Ɗan'asabe ne ya ƙarasa da su ƙasa.

Da kasuwa ta lafa, Baba Nomau ya ja motar shi kaɗai zuwa filin bayan tasha, inda babu abin da zai buge. Ya gaya wa hannuwansa su tsaya, ya taka, suka murɗa dama. Ya cije leɓe ya sake, suka sake. Ya yi ta yi har gumi ya jiƙa farar rigar. In a hankali ne yana iya danne su, amma da ya taka da sauri sai su riga shi. Ya kashe inji ya zauna. Abin ya yi masa ciwo, ba zan ɓoye muku ba, amma ba irin ciwon ganin gudumar 'yan gwangwan a kan motar ba. Motar za ta ci gaba da hawa da sauka, za ta kai masu naƙuda asibiti, shi ne dai zamansa a kujerar hagu ya ƙare. Ya zare makulli ya fito, ya tarar da su ukun suna tsaye a inuwa suna jiransa, kowanne yana son motar nan tun yana yaro, ba kuma wanda ya buɗe baki ya roƙa.

Makulli guda ne, mota ba ta rabuwa uku.

Mutanen Tsaunin Bagu suka kasu. Wasu suka ce Jatau, don da bai karanta sawun toka ba, da an ƙare watan ana jinyar ƙafa mai lafiya har 'yan gwangwan su zo da guduma. Aka amsa musu cewa shi nuni kawai ya yi, ko noti guda bai kwance ba. Wasu suka ce Ɗan'asabe, don shi ya tono ƙusa, ya rufe sana'arsa, ya yi yawon garuruwa, ya mayar da ƙafa huɗu suka kama tare. Aka amsa musu cewa aikinsa ne dama, kuma gyaran nasa da kansa ya kusa kai su kwari. Wasu suka ce Ladidi, don da ba ta riƙe sitiyari ba, da babu mota, babu dagaci, babu mai ba da makullin ma. Aka amsa musu cewa da birkin bai kama da ƙafa huɗu ba, da riƙon nata bai hana su hawa kan mai jaki da matarsa ba.

Baba Nomau yana tsaye da makulli a hannu, ya dubi wannan, ya dubi wancan, ya dubi waccan. To, ku da kuka ji komai, in ku ne shi, a tafin wa za ku ajiye shi?